Bayit Uku a Farkon Fayil, Ɗaya a Ƙarshen Layi: Yadda Ajiyar Dare Ta Tsaya Cak

## Yadda aikin yake kafin a samu matsala

Su uku ne ke kula da kwamfutocin wurin aikinsu, kuma macen cikinsu aka damƙa wa ajiyar kwafi. Kullum da ƙarfe 2 na dare wata kwamfuta mai Linux takan tattara fayilolin aiki ta aika su wata uwar garke (server) ta daban, da rsync, manhajar kwafin fayiloli, wadda ke bi ta cikin ssh, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro. Cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, shi ne ke tada aikin, a ƙarƙashin wani asusu na musamman da aka buɗe don wannan kaɗai. Idan abu ya lalace, sai a turo mata layuka biyu na ƙarshe na kundin rahoto ta imel.

Fayiloli biyu ne ke riƙe da saitin. Na farko `ssh_config`, mai layi 38, wanda ke faɗa wa ssh adireshin kowace uwar garke da mabuɗin da zai shiga da shi. Na biyu `ajiya.env`, ɗan ƙarami mai layi 6, wanda rubutun bash (mai fassara umarni a Linux) ke karantawa da umarnin `source` don ya san inda zai ɗauko da inda zai zuba. Duka biyun suna cikin rumbu ɗaya na Git, manhajar da ke riƙe tarihin canjin fayiloli, kowa daga nan yake jawowa. Babbansu yana aiki da Mac, na biyun da Linux, ita kuma da Windows. A kan kwamfutar ajiya, `~/.ssh/config` mahaɗi ne kawai da ke nuni ga fayil ɗin cikin rumbun, kuma abu na farko da rubutun dare ke yi shi ne `git pull`, wato jawo sabbin canje-canje.

Akwai layuka biyu a `ssh_config` da ya kamata a riƙe. Layi na 14 yana cewa `UseKeychain yes`. Wannan zaɓi na Apple ne, sun ƙara shi cikin ssh ɗinsu a macOS 10.12.2 a ƙarshen 2016, don kwamfuta ta riƙa tuna kalmar sirrin mabuɗi. Ssh na Linux bai san shi ba, kuma ɗabi'ar ssh ita ce idan ya ci karo da kalmar da bai sani ba a fayil ɗin saiti, yakan ƙi aiki gaba ɗaya. Shi ya sa layi na 1 yake cewa `IgnoreUnknown UseKeychain`, wato in ka ga wannan kalma ba ka gane ta ba, ka wuce. Dole wannan layi ya zo kafin kalmar da yake karewa, in ba haka ba bai da amfani. Da wannan dabara fayil ɗaya ya daɗe yana aiki a kan tsari uku.

Kwamfutarta ta Windows kuma sabuwa ce. Lokacin da ta sa Git, ta zaɓi kada ya taɓa ƙarshen layuka, wato `core.autocrlf` yana kan `false`. PowerShell ɗin da take amfani da shi kuwa, wato manhajar ba kwamfuta umarni a rubuce, shi ne 5.1, wanda ke zuwa tare da Windows.

## Litinin: gyara biyu

An kawo sabuwar uwar garke ta ajiya, aka ce mata ta sauya adireshi. Tsohon adireshin ya bayyana a wurare uku a `ssh_config`, don haka maimakon ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta yi umarni ɗaya a PowerShell: ta karanto fayil ɗin da `Get-Content`, ta musanya adireshin, ta mayar da shi da `Set-Content -Encoding UTF8`. Sannan ta ƙara layi ɗaya a ƙarshen `ajiya.env` da `Add-Content`, wanda ke cewa `DEST=/srv/ajiya/sabo`. Ta bar tsohon layin `DEST` a sama, domin a bash abin da aka faɗa daga baya shi ke rinjaye.

Ta gwada daga Windows da sabon saitin, ssh ya shiga sabuwar uwar garke lafiya lau. Da ta zo shigar da canjin, Git ya nuna cewa layi 38 ne suka canza a `ssh_config`, alhali uku ta taɓa. Ta lura da hakan, ta buɗe fayil ɗin ta duba, ta ga komai yana nan yadda ta sani. Ta tura da yamma.

## Talata: ana neman laifi a hanya

Imel ɗin safe ya zo da layuka biyu na rsync. Na farkon yana cewa `connection unexpectedly closed (0 bytes received so far)`, na biyun kuma ya ba da lambar kuskure 255. Tunda jiya aka sauya uwar garke, hankalinta ya tafi kan hanyar sadarwa.

Ta shiga kwamfutar Linux ɗin da asusunta, ta yi `ping`, amsa ta dawo. Ta duba ƙofa ta 22, a buɗe take. Ta nemi abokin aikinta mai Linux ya duba katangar tsaro, bai ga abin da ke tare hanya ba. Ta sake zuba mabuɗin asusun ajiya cikin `authorized_keys` na sabuwar uwar garke, ko an manta da shi wajen ƙaura. A ƙarshe ta yi ssh daga wannan kwamfuta zuwa sabon adireshin, ta shiga ba tangarɗa. Ta ɗauka mabuɗin ne, kuma ta gyara. Ta bar shi zuwa dare.

Gwajin nan na ƙarshe da asusunta ta yi shi. Asusunta yana da nasa `~/.ssh/config`, wanda ba shi da alaƙa da na cikin rumbun.

## Laraba: saƙo biyu, ta ɗauki na biyun

Imel iri ɗaya ya sake zuwa. A wannan karon ta koma asusun ajiya da `sudo`, ta kira ssh da hannu, ya amsa da layi uku:

`line 1: Bad configuration option: \357\273\277ignoreunknown`

`line 14: Bad configuration option: usekeychain`

`terminating, 2 bad configuration options`

Da ta buɗe kundin rahoto daga samansa, sai ta tarar waɗannan layuka suna nan tun daren farko, imel ɗin ne ke yanke su. Ta kuma ga wani sabon abu a rahoton dare na biyu: `git pull` ɗin ma ya gaza, domin shi ma ta ssh yake bi. Ke nan kwamfutar ta jawo fayil ɗin da ya hana ta jawo gyaransa.

Saƙon layi na 14 a fili yake, kuma duk wanda ya neme shi a intanet zai samu amsa ɗaya, cewa kalmar Mac ce, a cire ta ko a sa `IgnoreUnknown`. Ta duba, `IgnoreUnknown` yana nan. Sai ta yi zaton ko ssh ɗin wannan kwamfuta ya daina mutunta shi, ta goge layi na 14 daga Windows, ta tura. Don ta shigo da gyaran, ta yi amfani da `GIT_SSH_COMMAND` ta ba ssh zaɓin `-F /dev/null`, wanda ke sa shi ya yi watsi da fayil ɗin saiti kacokan. Wannan ya yi aiki, kuma a hanya ya tabbatar da cewa hanyar sadarwa ƙalau take. Kurakurai sun ragu daga biyu zuwa ɗaya.

Saura layi na 1. Ta karanta shi harafi bayan harafi, babu kuskuren rubutu. Ta buɗe shi a Notepad, ta goge layin, ta sake rubuta shi da hannu, ta adana, ta tura. Saƙon bai canza ba. Lambobin da ke gaban kalmar ta ɗauke su a matsayin tarkacen da allo ke fitarwa wani lokaci.

Da yamma ta gwada wata hanya. Tunda fayil ɗin yana aiki a Windows, sai ta kwafo shi kai tsaye ta cikin WSL (Linux da ke gudana a cikin Windows), daga `/mnt/c`, da zaɓin da ke riƙe izinin fayil. Saƙo ya sauya zuwa `Bad owner or permissions`. Fayilolin Windows da ake gani ta `/mnt/c` sukan bayyana da izini 777, wato kowa na iya rubutu a kansu, ssh kuwa ba ya karɓar fayil ɗin saiti da wani ban da mai shi zai iya canzawa. Ta yi `chmod 600`, wannan saƙo ya tafi, tsohon ya dawo wurinsa. Ajiya ta gaza a dare na uku.

## Alhamis: an duba bayit

Da safe babbansu ya jawo sabon saiti zuwa Mac ɗinsa, nan take ssh ɗinsa ya ƙi aiki, da saƙon layi na 1 sak. Ya kira ta ya ce, "Malama, da me kika adana fayil ɗin nan ranar Litinin?" Ta ce, "Da PowerShell ne, Malam, amma adireshi kawai na taɓa." Ya ce ta gudanar da `file ssh_config` ta karanta masa amsar. Amsar ta ƙunshi `with BOM` da kuma `with CRLF line terminators`. Sai ya ce ta yi `od -c` a kan farkon fayil ɗin. Abu na farko da ya fito, kafin harafin `I`, shi ne `357 273 277`.

Waɗannan su ne lambobin da ssh ke nuna mata tun Laraba. A ƙidayar tushe takwas aka rubuta su. A tushe goma sha shida su ne EF, BB, BF, wato BOM, alamar jerin bayit da ake sawa a farkon fayil, kamar yadda ake rubuta ta a UTF-8, ɗaya daga cikin tsarin adana haruffa a kwamfuta. Asalin alamar don UTF-16 aka yi ta, inda kowane harafi ke ɗaukar bayit biyu ko huɗu, kuma mai karatu na bukatar sanin wane bayit ne ke gaba. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ba shi da wannan bukata. Amma manhajojin Windows sun daɗe suna sa alamar a farkon fayil don su bambanta UTF-8 da tsofaffin tsarin haruffansu. Notepad ya yi haka shekaru da yawa, sai a Windows 10 sigar 1903, a 2019, aka mayar da UTF-8 marar alama ya zama na asali. PowerShell 5.1 kuwa har yanzu idan aka ce masa `-Encoding UTF8` yana sa ta. Daga PowerShell 6 zuwa sama ne aka daina.

Manhajar rubutu ba ta nuna wannan alama, haɗiye ta take yi. Shi ya sa goge layi da sake rubuta shi a Notepad bai yi komai ba: alamar ba ta cikin layin da ake gani, kuma Notepad yana adana fayil da tsarin da ya same shi. A can ƙasan tagarsa ya rubuta `UTF-8 with BOM`, wurin da ba kowa ke kai ido ba. Ssh ɗin da ke zuwa tare da Windows yana tsallake waɗannan bayit uku idan ya buɗe fayil, shi ya sa gwajin Litinin ya wuce. Na Linux da na Mac ba sa tsallakewa. A wurinsu kalmar farko a fayil ɗin ta zama wata baƙuwar kalma mai bayit uku a gaba, ba `IgnoreUnknown` ba ce. Da layi na 1 ya faɗi, kariyar da yake ba layi na 14 ta faɗi tare da shi. Kurakurai biyu, tushe ɗaya.

Ta gudanar da `dos2unix` a kan `ssh_config`, wanda ke cire alamar BOM ya kuma mayar da ƙarshen layuka irin na Linux. Ta dawo da layi na 14. Ta gwada da `ssh -G`, umarnin da ke karanta saiti ya buga abin da ya fahimta ba tare da ya haɗa da kowa ba, kuma da asusun ajiya ta yi shi. Ya fito da sabon adireshi daidai. Daren Juma'a rsync ya gama da lamba 0, wato alamar nasara, imel bai zo ba.

## Larabar mako na biyu: folda babu komai

Dare shida aikin yana gamawa da lamba 0. Ranar Laraba abokin aikinta mai Linux ya goge wani fayil bisa kuskure, ya nemi a dawo masa da kwafin jiya. Ta shiga uwar garke, ta buɗe `/srv/ajiya/sabo`, ta tarar da shi wayam.

Kundin rahoto yana cewa an aika fayiloli, kuma faifan uwar garken ya nuna an ci wuri. Ta koma mataki ɗaya baya ta yi `ls`, sai ga folda biyu: `sabo`, da kuma wata da aka rubuta `'sabo'$'\r'`. Duk ajiyar dare shida tana cikin ta biyun. Tun sigar 8.25 ta GNU coreutils, a 2016, `ls` ke nuna irin waɗannan sunaye a cikin alamar zance idan yana bugawa a allo, kuma wannan ne ya fallasa ta.

Wannan `\r` shi ne harafin CR, lamba 13 a jadawalin ASCII. Gadonsa daga na'urorin buga saƙo ne na da, inda ake bukatar umarni biyu a ƙarshen layi: CR ya mayar da kan bugu gefen hagu, LF, lamba 10, ya tura takarda sama. Unix ya ɗauki LF kaɗai. MS-DOS ya riƙe biyun, Windows ya gada. Tsohon tsarin Mac CR kaɗai yake sawa, sai da Mac OS X ya zo a 2001 aka koma LF. `Add-Content` a Windows yana rufe layin da ya ƙara da CR da LF. Layuka shidan farko na `ajiya.env` da LF suka ƙare, na bakwai kaɗai ke da CR. A wurin bash, LF ne ƙarshen layi, CR kuwa harafi ne kamar sauran, don haka ya manne a jikin sunan folda. Linux yana yarda da kowane bayit a sunan fayil in ban da `/` da bayit mai lamba sifili (NUL). Rsync ya nemi folda mai wannan suna, bai samu ba, ya ƙirƙira ta kamar yadda aka gina shi ya yi, ya zuba kaya.

Da a ce duka layukan ne suka ɗauki CR, da aikin ya faɗi da ƙara tun daren Juma'a, domin sunan uwar garke da wurin ɗauko kaya duk za su lalace. Da kuma akwai layin da babu komai sai CR, da bash ya yi ƙorafin nan da aka sani, `$'\r': command not found`. Layi ɗaya ne ya kamu, kuma shi ne wanda kuskure a cikinsa ba ya tsayar da komai. Ta tabbatar da `printf '%q'` a kan `DEST`, ya nuna `\r` a ƙarshe. `git ls-files --eol` kuma ya rubuta `i/mixed` a gaban fayil ɗin.

Wani abin lura kuma: CR ɗin da `dos2unix` ya cire daga `ssh_config` ranar Alhamis bai taɓa cutar da kowa ba, domin ssh yana share shi daga ƙarshen layi da kansa.

## Gyaran da aka yi daga nan

Ta kwashe kayan zuwa folda ta gaskiya, ta goge mai CR, ta gyara layin. Babu fayil ɗin da ya ɓace, kuma abokin aikinta ya samu nasa.

A rumbun suka ƙara `.gitattributes` mai layi `* text=auto eol=lf`, suka bi shi da `git add --renormalize .`, zaɓin da ya shigo a Git 2.16, don tsofaffin fayiloli su daidaita. Wannan ya rufe ƙofar CR ko yaya mutum ya saita Git ɗinsa, amma ba ya taɓa BOM. Suka ƙara `.editorconfig` mai `charset = utf-8`, wanda manhajojin rubutu masu bin sa kaɗai yake ɗaurewa, ba PowerShell ba. Ita kuma ta sa PowerShell 7.

Sun raba `ssh_config` gida biyu da umarnin `Include`, wanda ssh ke da shi tun sigar 7.3 ta 2016. Abin da kowa ke bukata ya zauna a fayil na tarayya, `UseKeychain` ya koma fayil ɗin da Mac kaɗai ke karantawa.

Rubutun dare ya samu bincike uku kafin ya kira rsync. Yana gudanar da `ssh -G` a kan sabon saiti kafin ya maye gurbin mai aiki, in ya gaza sai a ci gaba da tsohon a aiko da sanarwa. Yana neman CR da BOM a fayilolin biyu. Yana kuma tambayar uwar garke da `test -d` ko foldar da za a zuba tana nan, in babu ya tsaya. Imel ɗin yanzu yana ɗauko rahoton daren gaba ɗaya. Don gwaji, ta mayar da BOM ɗin da gangan a wani reshe, rubutun ya kama shi a bincike na farko.

## Hukunci

A ganina, dare ukun farko ba wahalar matsalar ce ta ci su ba. Ssh ya faɗi gaskiya tun daren farko, ya ba da lambar layi, ya kuma buga bayit ɗin da suka dame shi ɗaya bayan ɗaya. Imel mai layi biyu ya ɓoye saƙon kwana ɗaya, gwaji da asusun da ba shi ke aikin ba ya ƙara ɓoye shi. Da saƙon ya bayyana, ta ɗauki wanda ta iya karantawa ta bar wanda ya zo farko, aka bar jaki ana dukan taiki. Ban ga sakaci a nan ba. Duk kayan da ta duba fayil ɗin da su, an gina su ne don su ɓoye ainihin abin da take nema, kuma mutumin da bai taɓa ganin `\357\273\277` ba, babu abin da zai sa ya ɗauke shi da muhimmanci. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne lamba 38 da Git ya nuna ranar Litinin. Wannan ce kaɗai alamar da ta zo kafin ɓarna, kuma ta gan ta, sai dai ta je tantancewa da ido a manhajar rubutu.

Dare shidan da suka biyo baya sun fi ba ni tsoro. Ranar Alhamis an gano cewa hannu ɗaya, a zama ɗaya, ya taɓa fayiloli biyu da kayan aiki iri ɗaya, amma ɗaya kawai aka bincika, wanda ya yi kuka. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Wannan laifin su ukun ne, har da babbansu da ya san BOM da gani amma bai tambayi wane fayil kuma aka taɓa ba. Lamba 0 daga rsync tana nufin ya yi abin da aka ce masa, kuma abin da aka ce masa ne ya lalace. Cikin duk gyare-gyaren da suka yi, binciken `test -d` ne nake ganin ya fi daraja, domin shi kaɗai ne zai kama irin wannan kuskure ko da wani harafi ne daban ya manne a sunan, kamar babban baƙi a wurin ƙarami, wanda Windows da Mac ke yafewa a yadda suke zuwa amma Linux ba ya yafewa. Har zuwa lokacin wannan rubutu ba su sa gwajin dawo da fayil daga ajiya cikin aikin mako ba, kuma da abokin aikinta bai goge fayil ɗinsa ranar Laraba ba, da foldar mai CR ta ci gaba da cika.